Waye Ke Tsara Layin Intanet Ɗinmu?

Jama'a, kullum tallan kamfanonin sadarwa a kan gudu yake: 4G, 5G, megabit kaza. Amma wanda muryarsa ke tsinkewa a kiran WhatsApp, sau da yawa layi ne ya ci shi.

Duk abin da muka tura a intanet yayyanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi. Murya takan fita ne ƙunshi ɗaya duk bayan kamar milisakan 20. A kowace na'urar rarraba saƙo da ke kan hanya, sai ƙunshin nan sun bi layi. In dokar ita ce wanda ya riga zuwa shi zai fara fita, mai sauke fim zai cika layin, muryarka ta maƙale a bayansa. Wani ƙunshi ya iso da wuri, wani a makare. Wannan rashin daidaiton isowa shi ake kira jita, shi ke kakkarya magana. Hukumar ITU ma ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne.

Kuma fa maganin ba sabo ba ne. Tun 1989 Demers, Keshav da Shenker suka kawo tsarin ba kowa layinsa, a riƙa ɗiba bi da bi gwargwadon rabonsa. A 1993 Parekh da Gallager suka nuna da lissafi cewa in mai turawa bai wuce adadin da aka yanka masa ba, ana iya lamunce masa iyakar jinkirin da ba zai wuce ba. A 1991 kuwa Verma, Zhang da Ferrari sun tsara yadda za a riƙe ƙunshin da ya yi gaggawa har lokacinsa ya yi, don jita ta ragu. Yau FQ-CoDel na cikin Linux kyauta.

Sai dai mai tsara layi yana iya sayar da gaban layi. A kan haka Amurka ta kafa dokar daidaita masu amfani da intanet a 2015, ta soke ta a 2017.

Ni dai ra'ayina: a fifita murya da kiran bidiyo saboda ba sa jure jira, ba don wani ya fi biya ba. Kuma NCC ta sa kowane kamfani ya riƙa faɗin jinkiri da jitarsa na lokacin cunkoso a cikin tallansa, gefe da gefe da megabit. Kuɗinmu ne, ya kamata mu san abin da muka saya.

Ku a unguwarku da wane lokaci kira ya fi tsinkewa?