Daga kotso zuwa fiyano: Abin da ke sa salon waƙa ya ci zamaninsa

Da wuya a yi doguwar tafiya a motar haya, daga Kano zuwa Sakkwato ko daga Zariya zuwa Jos, ba a taɓa musu a kan waƙa ba. Direba zai sa Shata, dattijon da ke gidan gaba ya gyaɗa kai ya ce ai waƙa ta ƙare tun ranar da aka binne mutumin nan a Daura. Wani ɗan shekara arba'in da 'yan kai zai ce shi kam a wurinsa ba a yi lokaci irin na fim ɗin Sangaya ba. Matashin da ke kujerar baya kuwa ko jin su ba ya yi, ya toshe kunnuwansa yana sauraron Hamisu Breaker a waya.

Kowannensu yana da tasa gaskiyar, domin kowane salon waƙa ya yi lokacin da ludayinsa ke kan dawo. Inda ake yin kuskure shi ne ɗaukar cewa baiwa ce kaɗai ke kawo wannan lokaci, kuma ƙarewar masu baiwa ce ke kawo ƙarshensa. Ba a daina haihuwar masu murya da fasaha ba a 1999, shekarar da Shata ya rasu.

Duk salon da ya yi tashe, idan aka duba da kyau, za a tarar tukunyarsa a kan duwatsun murhu uku take: wanda ke biyan mawaƙi, na'urar da ke kai muryarsa nesa, da jama'ar da ke da lokacin zama su saurara. Da zarar an zare dutse ɗaya, tukunyar sai ta karkace, komai gwanintar mai girki.

Lokacin da fada ke riƙe da makaɗa

Waƙar fada ita ce misali na farko. Ibrahim Narambaɗa ya yi sharafinsa ne a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Musa Ɗanƙwairo kuma ya tashi a Maradun kafin waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello su kai sunansa ko'ina a Arewa.

A wancan lokaci sarki ne ke riƙe da En'e: haraji, kotu, 'yan doka da gidan yari duk a ƙarƙashinsa suke. Basarake yana da ƙarfin da zai ba makaɗinsa gida da gona da doki da sutura, ya kuma ciyar da 'yan amshinsa. Makaɗin da ba ya tunanin abin da za a ci gobe yana iya shafe makonni yana saƙa waƙa ɗaya, yana gyara zambo, yana auna habaici, yana bin salsalar ubangidansa kaka da kakanni. Zurfin Hausar da ake yabo a waƙoƙin Narambaɗa daga irin wannan natsuwa ya fito.

Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage musu iko da baitulmali. Har gobe ana kaɗa kotso da taushi a fadoji, musamman lokacin hawan salla, amma fadar da za ta riƙe ƙungiyar makaɗa shekara da shekaru ta yi ƙaranci. Shi kansa Ɗanƙwairo, wanda ya rayu har 1991, ya faɗaɗa waƙarsa zuwa ga attajirai da manyan ma'aikata.

Rediyo, kaset da kuɗin fetur

Lokacin da mafi yawan dattawan yau ke kira zamanin waƙa shi ne daga shekarun 1960 zuwa na 1980, kuma ba banza ba. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, wanda muryarsa ke kaiwa har Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana. Makaɗin da a da sai an je garinsu ake jin sa, ya wayi gari ana sauraronsa a zangon Kumasi. Kamfanoni irin su EMI suka riƙa buga faifan garmaho, daga baya kaset ya shigo, mai arha, mai sauƙin ɗauka, wanda ake iya sa shi a shago da tasha da cikin gida.

A daidai lokacin ne kuma kuɗin fetur na shekarun 1970 suka samar da sababbin iyayen gida: 'yan kwangila, dillalai, masu motocin sufuri da manyan 'yan kasuwa, waɗanda ba su gaji sarauta ba amma suna son a ji sunansu. Mamman Shata da kalangunsa shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan yanayi. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa sojojin da suka tafi yaƙin basasa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Abin lura shi ne Shata bai cika filin shi kaɗai ba. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya ɗauki rayuwar talaka, har karen mota ya sami waƙarsa. Haruna Uji yana Haɗeja da gurmi, Garba Supa da Ahmadu Doka suna jan kukuma, Ɗan'anace yana zuga 'yan dambe, Kassu Zurmi yana tare da 'yan tauri, Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada kuma suna riƙe da bukukuwan mata da kiɗan ƙwarya. Kowane rukuni na jama'a yana da makaɗinsa, kowane makaɗi kuma yana da inda yake samun abinci. Wannan yalwar ita ce ainihin alamar ganiya, ta fi gaban shaharar mutum ɗaya.

Fiyano ya karɓi fage

Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake ɗauka mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin a cika shekara goma, na'urar fiyano ta Yamaha ta shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, irin na Iyan-Tama. Mutum ɗaya a gaban na'ura ɗaya ya maye gurbin makaɗa da dama. Masu kallon da suka tashi da finafinan Indiya a silima suka karɓi salon namiji da mace suna amsa wa juna hannu bibbiyu.

Nan ma duwatsun uku sun cika. Furodusa ne ke biya, kaset ɗin bidiyo da faifan CD ne ke kai waƙar gida-gida, matan aure da matasa kuma su ne kasuwa. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai sun san cewa sau da yawa waƙa ce ke sayar da fim, ba labari ba. A wannan fage aka san Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar, daga baya kuma Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic.

Dattawan wancan lokaci sun kira abin nanaye, suna nufin wasan 'yan mata a dandali, malamai sun yi wa'azi a kansa, gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Yau ga shi waɗanda suka yi samartaka a lokacin su ne ke cewa ba a ƙara yin waƙa mai daɗin ta wancan zamani ba. Abin da ya karya kasuwar kuwa ba suka ba ce. Satar fasaha da masu tura waƙa a waya a kan 'yan kuɗi kaɗan su suka kashe cinikin faifai a tsakiyar shekarun 2010.

Haka abin yake a wasu ƙasashe

Wannan ba labarin ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Ghana, kiɗan highlife ya yi tashe a shekarun 1950 da 1960, lokacin da E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos ke cika gidajen rawa. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na ƙarshen 1981, an sa dokar hana fitar dare da ta wuce shekara biyu. Gidajen rawa suka mutu, makaɗa da yawa suka yi ƙaura zuwa Najeriya da Jamus, wasu suka koma kiɗa a coci.

A Gini kuwa, gwamnatin Sekou Toure ce ta ɗauki makaɗa aiki bayan samun 'yanci a 1958, ta saya musu kayan kiɗa, ta kafa kamfanin faifai na Syliphone. Da haka ƙungiyoyi irin su Bembeya Jazz suka shahara a faɗin Afirka. Da ya rasu a 1984, tallafin ya tsaya, zamanin ya tafi tare da shi. Makaɗan ba su manta da sana'arsu ba a dare ɗaya. Wanda ke riƙe da su ne ya kau.

Inda dattawa suka yi gaskiya

Duk da haka, bai kamata a yi watsi da ƙorafin dattijon gidan gaba ba. Gaskiya ne cewa lokaci rariya ne: a zamanin Shata ma an yi waƙoƙin banza masu yawa da aka manta da su, sai tsabar ta rage, ita ake gwadawa da dukkan abin da ake fitarwa yau, tsaba da dusa. Gaskiya ne kuma cewa kowa waƙar samartakarsa ta fi yi masa daɗi. Amma akwai abin da aka rasa da gaske.

Na farko shi ne koyon sana'a. Ɗanƙwairo ya fara ne a bayan mahaifinsa, ya kuma yi shekaru yana amshi a ƙarƙashin yayansa kafin ya ja tasa ƙungiyar. A irin wannan zama ake koyon karin magana da kirari da tarihin gidaje da yadda ake sarrafa murya a gaban taro ba tare da na'ura ba. Yau matashi na iya shiga situdiyo da safe, ya fito da waƙa da yamma, na'ura ta gyara masa murya, kafin dare tana TikTok. Ƙofa ta buɗe ga kowa, wanda alheri ne, amma makarantar ta rushe.

Na biyu shi ne kayan kiɗan kansu. Masu iya ɗaure kotso, da masu kaɗa kuntigi ko gurmi yadda ya kamata, suna raguwa, kuma 'ya'yansu da yawa ba su ga dalilin gadon sana'ar da ba ta ciyar da gida ba.

Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne wanda ke biya a yau. Tun da cinikin faifai ya mutu, kuɗin da ake samu daga YouTube da Audiomack kuma bai isa ya riƙe mafi yawan mawaƙa ba, babban ubangidan da ya rage shi ne ɗan siyasa. Waƙar siyasa ba sabuwa ba ce, an yi ta tun zamanin NEPU da NPC, kuma farin jinin da Dauda Kahutu Rarara ya samu a zaɓen 2015 ya nuna irin ƙarfinta. Matsalar ita ce idan ta zama ita ce kaɗai hanyar arziki. Sarki yana riƙe makaɗinsa har mutuwa, ɗan takara kuwa zuwa ranar zaɓe yake buƙatarsa. Waƙar da aka yi don kakar zaɓe ɗaya da wuya ta kai shekara hamsin ana sauraronta.

Abin da ya rage a yi

Zamanin da ya wuce ba ya dawowa, kuma ba wanda zai mayar wa sarakuna En'e don a sami sabon Narambaɗa. Amma akwai ayyuka biyu da ke hannun masu rai.

Na farko shi ne ceto abin da aka riga aka ɗauka. Zaren kaset da faifan garmaho ba sa jure zafi da ƙura da damshi. Abin da ke yawo a intanet na tsofaffin makaɗa, da yawansa kwafin kwafi ne, sauti ya dushe, wani an yanke shi, wani ma an liƙa masa sunan makaɗin da ba shi ya yi ba. A Gini, wani manazarci ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, ya yi aiki da gidan rediyon ƙasar da tallafin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka mayar da dubban waƙoƙi zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kongo kuma ta kai kiɗan rumba har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2021.

Masana a nan gida sun yi nasu ƙoƙarin. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata. Sai dai littafi ba ya adana murya. Ana buƙatar gidajen rediyon Arewa da na Nijar, da jami'o'i, da cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna, su haɗa hannu da iyalan makaɗan a kwashe abin da ya saura, a rubuta sunan kowace waƙa da wanda aka yi wa da lokacin da aka ɗauke ta. Kuɗin da gwamna ɗaya ke kashewa a gangamin siyasa guda zai yi nisa a wannan aiki.

Na biyu shi ne mawaƙin yau ya sami abinci daga masu sauraronsa. Najeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka a takarda ba ta sa tukunya a wuta. Sai gidajen rediyo da talabijin sun riƙa biyan haƙƙin waƙoƙin da suke sakawa, mawaƙa sun yi rajistar ayyukansu, masu sauraro kuma sun yarda cewa waƙa kaya ce da ake saye kamar kowane kaya.

Matashin kujerar baya shi ma wata rana zai koma gidan gaba, ya ce wa 'ya'yansa waƙa ta ƙare tun zamanin Breaker. Abin tambaya shi ne ko a ranar zai sami muryar Narambaɗa da ta Barmani Choge garau ya kunna musu, ko kuwa sai dai ya ba su labari.