Kafin Awon Igiya Ya Cinye Gonakin Kura

Wai shin a duk faɗin gwamnatin Kano akwai mutum ɗaya, ɗaya tak, da aikinsa shi ne ya zauna ya yi tunanin inda garin nan zai kai nan da shekara 30? Abin ne ya ishe ni. Duk mai bin titin Zariya ya san abin da nake nufi. A da in ka wuce Na'ibawa ka fita gari, sai gonaki da ɗorawa. Yau fa? Ga rukunin gidajen Kwankwasiyya, ga na Amana, ga sabuwar kasuwar Ɗangwauro, ka haye gadar Tamburawa har yanzu bulo ne ke raka ka, katanga na bin katanga, gidan mai na bin gidan mai, kafin ka ankara ka iso Karfi masu gasa masara na ɗago maka hannu. Daga nan kuwa ƙasar noman rani ce. Birni ya zo har bakin gona, kuma babu wanda ya tare shi ya ce nan ne iyakarka.

Mu tuna wace irin ƙasa ake magana a kai, don na lura masu sa hannu a takarda sun manta. Audu Bako ne ya ɗauko aikin noman rani na Kogin Kano lokacin yana gwamna. Aka gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka kawo injiniyoyin NEDECO daga ƙasar Holan suka auna ƙasa, aka tsara hekta 22,000 a kashin farko, a yankin da yau ya zama Kura da Bunkure da Garun Malam. An baje ƙasar nan da katafila, an daidaita gangararta, an haƙa babban kanal da rassansa da ƙananan hanyoyin ruwa har bakin kowace gona, an kuma haƙa magudanan da za su kwashe rarar. Je ka Kadawa da sanyin safiya a watan Janairu ka tsaya ka gani. Manomi zai tsoma bututun roba a kanal, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizga, ya kwantar da shi a kan kunya, sai ruwa ya kama zuba da kansa. Babu inji, babu fetur. Ruwan da ya taso tun daga Tiga da ƙafarsa yake shiga gonar alkama da tumatir da albasa, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a gani ba tun Oktoba.

Gida ana gina shi ko'ina. A kan tudu, a kan marmara, a kan fako inda ko ƙaya ba ta son fitowa. Amma ƙasar da ruwan kanal ke iya hawa, iyakarta ke nan, ba a ɗaukarta a kai wani wuri, ba a kuma sake yin wata da kuɗin yau. Ranar da aka zuba mata fandisho ta tafi har abada.

Kuma kada wani ya ɗora wa manomi laifi, don wallahi ba zan yarda ba. Ka san yadda abin ke faruwa. Mai gona ya rasu, ya bar eka ɗaya da magada cike da gida. Rabinsu suna Kano suna tuƙa A Daidaita Sahu ko suna tsaron shago a Kantin Kwari. Wanda ya tsaya a gonar yana fama da tsadar taki, in tumatir ya yi kyau ya kai Kwanar Gafan ya tarar da kwanduna jibge ana yi masa tayin wulaƙanci, in bai yi kyau ba tsutsa ta cinye kamar yadda ta yi a 2016. Sai ga dillali da babbar riga, ya kira kuɗin da gonar ba za ta kawo ba a shekara goma. Kai ne za ka ƙi? Aka kira mai unguwa da shaidu, aka ja igiya, aka kafa turaku, dillali ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa. Bayan wata biyu an zagaye wurin da katanga.

To daga nan ne ɓarnar ke soma yaɗuwa. Na ga wata katanga irin wannan da aka dasa daidai kan magudanar da ke kwashe ruwan gonaki uku na bayanta. Ruwa ya rasa hanyar fita, ya kwanta, kachalla ta tsiro, shinkafar maƙwabci ta yi ja ta tsaya cak. Wa zai kai wa ƙara? Mai katangar ba ya ma garin. Baɗi shi ma maƙwabcin ya nemi dillali. In gidaje suka yi yawa kuma, kwatarsu ina za ta nufa in ba kanal ba? Leda, ruwan wanki, baƙin mai daga garejin kanikawa, duk cikin ruwan da ake ban-ruwan latas da tumatirin da ni da kai za mu saya a 'Yankaba.

Yanzu tambayi wa ke da alhakin hanawa, ka sha mamaki. Ruwa da kanal na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, ita kuwa ta Tarayya ce tun kafa ta a 1976. Ƙasa, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Hukumar tsara birane ta KNUPDA na can cikin birni tana fama da masu kwantena a bakin titi. Gonakin kansu kuma a hannun masu su suke, don bayan an gyara ƙasar mayar wa manoma aka yi. Kowa na da hannu, babu mai riƙo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa tsagewarsa ta kai tirela ta wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tufka da warwarar da ake yi da kuɗinmu. A 2014 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya da bashin kusan dala miliyan 500 don shirin TRIMING na gyaran ayyukan noman rani, kuma aikin Kogin Kano na cikin manyan wuraren da aka kashe kuɗin. Aka yashe kanal, aka gyara ƙofofin ruwa, aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Madalla. Amma bashi ne, jama'a, 'ya'yanmu za su biya. A ciwo bashi a kai ruwa gona, sannan a zuba ido gonar ta zama sito da gidan mai? Ana ta kiran masu zuba jari su zo, an buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016 saboda albarkar ƙasar nan, injinan shinkafa sun cika Kura suna jiran shanshera, mata na turara shinkafa gida-gida suna ciyar da iyali da ita. Duk wannan arziƙin a kan gona yake tsaye. In aka gina injin shinkafa a kan gonar shinkafa, me zai casa?

Da a ce ba mu taɓa gani ba ne, da sai a yi mana uzuri. Kano ta taɓa samun cikakken tsari, wanda Baturen nan Trevallion ya zana don shekarun 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare tun ana kashe kwabo, garin kuma bai tsaya jiran kowa ba. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen jihar sun haura miliyan 9, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadinmu. Me ya biyo baya? Kurna, Rimin Kebe, Ɗorayi, Bachirawa, Sheka, unguwanni maƙil da bayin Allah, lungun da ko motar kashe gobara ba ta shiga, wani ma makara sai an karkata ta. Aka cike kududdufan da ke shanye ruwan damina aka yi shaguna. Aka yanka ganuwa aka sayar. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiyar mutane, kowa ya kama salati kamar ba a san an toshe hanyar ruwa ba. A 2023 kuma aka wayi gari da rusau, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauransu, wata gwamnati ta ba da fili, wata ta zo ta rushe, asarar kuma a wuyan wanda ya saya. Haka muke yi kullum: ranar haƙa fandisho jami'i ba ya gani, sai an yi rufi an tare sannan ya zo da jan fenti. Ihu bayan hari.

Mutanen Masar sun sha wannan ɗacin kafin mu. Sun ga gidaje na cinye baƙar ƙasar bakin Nilu, suka yi doka a 1983 ta hana gini a ƙasar noma, kuma duk da dokar har yau suna kokawa, don sun makara. Mu ko dokar ba mu kama hanyar yi wa Kura ba.

Ban ce kada Kura ta girma ba. Yaran Kura da Bunkure da Ciromawa za su yi aure, dole su sami inda za su kafa gida, kuma ɗan Kano da haya ta kore shi daga birni shi ma ɗan Adam ne. Abin da nake cewa mai sauƙi ne, kuma ba ya buƙatar wani taron otal. A ɗauko taswirar aikin nan, tana nan, tun zamanin Turawan Holan take. A shata duk ƙasar da ruwa ke hawa, a kafa mata turakun siminti da kowa zai gani, a sa a doka cewa nan noma kaɗai za a yi, mai gona ya sayar in ya so amma mai saye ya san gona ya saya. Sannan a hau tudu, inda kanal ba ya kaiwa, a yanka filaye awon gwamnati da titi da lambatu da filin makaranta da maƙabarta, a farashin da talaka zai iya, tun kafin dillali ya riga kowa. A ware wa injina da sito nasu yankin. A sanar a rediyo, a faɗa wa dagatai da masu unguwanni cewa duk wanda ya sa hannu a cinikin gini cikin shatar, rawaninsa ne a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokaci kuwa ba ya wajenmu. An gyara titin Kano zuwa Zariya, an ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna a 2021, an buɗe tashar tsandauri ta Zawaciki a 2023, bututun iskar gas na AKK ma ta wannan ɓangaren zai shigo. Duk abin da ke ɗaga farashin fili kudu ya nufo. Masu kuɗi sun riga sun lissafa wannan, shi ya sa suke saye suna zagayewa suna jira.

Kura da Garun Malam suna da ɗan majalisa a Majalisar Dokokin Kano, Bunkure na da nata. In sun zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, ɗan'uwa, ka tambaye su ƙudurin kare gonakin kanal: wa ya rubuta, yaushe aka karanta shi a zauren majalisa, kuma in ba a yi ba, me suke jira?