Gemu ba ya hana ilimi, bashi ke hanawa

Ƴan uwana ɗalibai, bara akwai wani dattijo da ke zama bencin baya a amfinmu. Muna ce mishi "Tonton", muna dariyar jakarshi ta leda. Malamin firamare ne, ya daɗe yana riƙe da alli a ƙauye, ga mata ga ƴaƴa biyar, ya dawo neman lisans. Tsakiyar shekara muka daina ganinshi. Karatu bai kada shi ba, don ya fi da yawanmu maki. Ya ci bashin banki kan albashinshi don rajista da hayar ɗaki. Da aka soma yanka albashin, abin da ya saura bai kai sayen hatsin gida ba, sai ya je wurin wani ɗan kasuwa. Daga nan ya koma ƙauye, ba diflom, ga bashi biyu.

Ina da magana da masu cewa: "Ai ilimi ba ya tsada, ka ranto kawai, in ka gama ka biya." Wanga zance mai daɗin baki ne, kuma galibi mai faɗinshi ba shi ke biya ba. Yaro ɗan bak yana iya neman burus wurin ANAB, ya samu ɗaki da tikitin abinci in ya yi sa'a. Magidanci kuwa cikin tukunyar gidanshi yake ɗebo kuɗɗin karatu. Kowace jika da ya ranto, daga bakin ƴaƴanshi za ta hito.

Mu yi lissahi. A ce ɗan kasuwa ya ba ka jika 100, ya ce ƙarshen wata ka maido jika 110. Ka ce jika goma mi ce? To, wata goma sha biyu, ruwan ya kai 120 cikin 100. Alhali iyakar da ƙasashen UEMOA suka sa a 2014 ita ce 15 cikin 100 a shekara ga banki, 24 cikin 100 ga ƙananan asusun bashi. Ɗan kasuwan ya ninka iyakar sau biyar, kuma kana mishi godiya! Ko a banki, kar ka tsaya ga ruwan da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ka nemi TEG, wato ruwa haɗe da kuɗɗin dosiye da inshora. Ka ce a ba ka takardar biya wata-wata, ka kai gida, ku duba kai da uwargida kahin ka sa hannu.

Yaya, Tanti, in kuna shirin dawowa, ga tambayoyi ukku kahin ku ranto ko dala. Ta hwari: diflom ɗin da za ku saya da gumi, gwamnati ta yarda da shi? CAMES da ke Wagadugu ta san shi? Makaranta mai kuɗɗi na iya liƙa allo mai sheƙi bakin hanya, amma takardar izini za ku ce a gwada muku. Ta biyu: in ma'aikacin gwamnati ne kai, ma'aikatarka ta ba ka izinin karatu a rubuce? In babu, ka tambaya tun yanzu ko za a ƙirga diflom ɗin wurin ƙarin girma. Ta ukku: lisans shekara ukku ce, mastar biyu. Ka yi lissahin shekarun duka, har da wadda za a iya maimaitawa. Wanda ya ranto kuɗɗin shekara guda kawai, shekara ta biyu za shi ranto kan bashi.

Wani zai ce: to a hana manya karatu ke nan? A'a. Cewa nike a jinkirta shekara guda, a shiga adashi da abokan aiki, a ɗauki kwasa ta hwari a biya rajista. A nemi biya kashi-kashi, ba abin kunya ba ne. A gwada jami'ar gwamnati da ke kusa, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, kahin a ruga makaranta mai tsada. Wanda bashi ya riga ya kama, ya soma da mai ruwa mahi yawa, ya je banki da ƙahwarshi ya nemi a sassauta kahin a aiko mishi takarda.

Mu ma da laihinmu. Muna yajin aiki don burus da bas da resto, kuma daidai ne. Amma yaushe muka taɓa rubuta buƙatun manyan ɗalibai cikin takardar kokenmu? Darussan maraice da na Asabar, biyan rajista kashi ukku, damar dakatar da shekara ba tare da asarar makin da aka ci ba. A taro mai zuwa, wani ya tashi ya faɗe su. Kuma in ka ga dattijo a bencin baya, ka ara mishi kwafin darasinka, ka rage mishi kuɗɗin hotokwafi. Wata rana kai ne za ka dawo da gemu.