Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Haɗa Manhajar Abokan Ciniki da Rumbunan Bayanai na Waje

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi yana da littafin da yake rubuta sunayen abokan cinikinsa, da inda suke, da abin da suka saba saye, da bashin da ke kansu. Da kamfanoni suka bunƙasa, abokan ciniki suka kai dubbai, sai littafi ya gaza, aka mayar da aikin cikin kwamfuta. Manhajar da ke wannan aiki ita ake kira CRM a taƙaice, wato manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki. Kamfanin Siebel, wanda aka kafa a Amurka a 1993, ya yi suna ƙwarai wajen sayar da ita, sa'an nan Salesforce ya zo a 1999 ya ɗora ta a kan intanet.

To, amma bayani yana tsufa. Manajan da aka rubuta sunansa bara ya bar aiki bana, kamfanin da ke wannan titi ya ƙaura, wani kuma ya karye ko an saye shi. Don haka ne ake haɗa manhajar da rumbunan bayanai na waje, wato na kamfanoni ko hukumomin da aikinsu shi ne tattara labarin kamfanoni. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a cikinsu shi ne Dun & Bradstreet, wanda asalinsa ya faro a birnin New York a 1841, da nufin sanar da 'yan kasuwa wanda ya cancanci a ba shi kaya bashi.

Yadda Haɗin Yake Aiki

Rumbun waje yana da wata ƙofar musayar bayanai da masana ke kira API. Ana ba manhajar kamfani mabuɗi na sirri, ita kuma takan aika da tambaya ta wannan ƙofa, a dawo mata da adireshi, da yawan ma'aikata, da irin sana'ar, da sunan uwar kamfani. Wuyar aikin ita ce tabbatar da cewa kamfanin da aka tambaya shi ne wanda aka kawo labarinsa. Suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin kamfanoni da yawa sunayensu sun yi kama, kuma akawu uku za su iya rubuta suna ɗaya ta hanya uku. Saboda haka ake dogara da lamba wadda ba a raba ta da kowa. Dun & Bradstreet ya ɓullo da lambar D-U-N-S mai alƙaluma 9 a 1963. A Nijeriya kuwa, Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda dokar 1990 ta kafa, tana ba kowane kamfani lambar rajista tasa.

Babu shakka amfanin wannan haɗi yana da yawa. Yana rage wa ma'aikata wahalar shigar da bayani da hannu, yana fito da sunan da aka rubuta sau biyu, yana kuma tona asirin mai da'awar kamfanin da babu shi. Duk da haka, kuskure ne babba a bar rumbun waje ya riƙa goge abin da kamfani ya sani da kansa ba tare da mutum ya duba ba. Matsayin bayanin waje matsayin shaida ne. Yanke hukunci na mai kamfani ne. Akwai dalilai uku.

Dalilai Uku

Na farko, rumbun waje ma yana kuskure. A 2022 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, wato FTC, ta zargi Dun & Bradstreet da rashin samar wa ƙananan kamfanoni sahihiyar hanyar gyara kurakuran da ke cikin rahotanninsa a kansu, kuma kamfanin ya amince da sulhun da ya tilasta masa gyara tsarin. A yi tunani: wakilin kamfani ya taka da ƙafarsa ya ga sabon ofishin abokin ciniki, ya rubuta adireshi, cikin dare kuma manhaja ta maye gurbinsa da tsohon adireshin da ke rumbun waje. Kaya za su ɓata, kuma ba wanda zai san inda aka haihu a ragaya. Kuskuren akawu yakan tsaya a shafi ɗaya, amma na na'ura yakan bazu cikin dubban shafuka a dare guda.

Na biyu, abin aro ana iya karɓe shi. A 2010 Salesforce ya sayi Jigsaw, wani rumbun sunaye da lambobin ma'aikatan kamfanoni, a kan dala miliyan 142, ya sauya masa suna zuwa Data.com. A 2019 ya fara rufe shi. Kamfanonin da suka jingina da shi sai da suka nemi wani, wanda tsarinsa da farashinsa daban ne. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Na uku, kowane haɗi ƙofa ce, kuma ƙofar da baƙo ya shigo ta nan ɓarawo ke bi. A watan Agusta na 2025 wasu ɓarayin intanet sun sace mabuɗan sirri na wata manhaja mai suna Drift, wadda kamfanoni suka haɗa da rumbunansu na Salesforce, suka kwashi bayanan ɗaruruwan kamfanoni. Ba su fasa katangar Salesforce ba. Da mabuɗin da aka ba amintacce suka shiga.

Wani zai ce duba kowane bayani da ido ya kawar da amfanin na'ura. Akwai gaskiya a ciki, amma ba kowane bayani ke buƙatar dubawa ba. Gurbin da babu komai a cikinsa a bar na'ura ta cike. Inda bayanin waje ya saɓa wa na gida, a nan ne ya kamata ta dakata, ta nuna wa ma'aikaci duka biyun ya zaɓa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ya dace a ajiye bayanin waje a gurbi daban, tare da sunan inda ya fito da ranar da aka samo shi. A riƙa haɗawa da lamba a duk inda take. Kowane mabuɗi a taƙaita shi ga abin da aikinsa ke buƙata, a soke shi da zarar an daina amfani da shi. Haka kuma a tuna cewa sunan ma'aikaci da lambar wayarsa bayanan mutum ne, waɗanda dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 suka shimfiɗa sharuɗɗan sarrafa su, har da ba mutum 'yancin neman a gyara kuskure.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan ko babu kwamfuta. A kawo jerin sunayen 'yan aji daga rajistar makaranta, da wani daga ofishin jarrabawa, a ce su daidaita su. Nan take za a ga Muhammadu da Mamman, a ga Aminu Musa guda biyu, a kuma gane dalilin ba kowa lamba. Ɗalibin da ya saba tambayar wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma yaya za a gyara in ya kuskure, ya riga ya mallaki tushen wannan fanni.