JIRGIN KING AIR: MASU SHI DA LABARIN HATSARINSA

A cikin watanni uku kacal na shekarar 2021, Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya ta yi hasarar jirage biyu iri ɗaya, watau ƙaramin jirgin nan mai inji biyu da ake kira King Air 350. Dukansu biyu daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja suka tashi, kuma babu wanda ya tsira da ransa daga cikin mutum 18 da ke cikinsu. Tun daga lokacin jama'a suke tambaya ko laifin jirgin ne, ko na masu riƙonsa, ko kuwa ƙaddara ce kurum. Kafin a yanke hukunci, ya kyautu mai karatu ya san asalin jirgin da hannayen da ya bi.

ASALIN JIRGIN

Wani Ba'amurke mai suna Walter Beech da matarsa Olive Ann su ne suka kafa kamfanin ƙera jirage na Beech a birnin Wichita na Jihar Kansas cikin 1932. Da mijin ya rasu a 1950, matar ce ta ci gaba da jan ragamar kamfanin, kuma a zamaninta ne King Air na farko ya tashi sama cikin 1964. Daga nan kamfanin ya yi ta sauya iyayen giji. Kamfanin Raytheon ya saye shi a 1980, ya kuma sayar da shi a 2007 ga waɗansu masu zuba jari, aka sa masa suna Hawker Beechcraft. Bashi ya yi masa katutu har ya kai kansa kotu a 2012 bisa karayar arziki, sannan a 2014 kamfanin Textron ya saye shi. Duk da wannan sauye-sauye ba a daina ƙera King Air ba, har adadin waɗanda aka ƙera ya haura 7,000.

Samfurin 350 ya shiga kasuwa ne a 1990. Yana da inji biyu masu farfela ƙirar Pratt & Whitney ta ƙasar Kanada, kowanne mai ƙarfin doki 1,050, yana kuma gudun da ya zarce kilomita 550 a sa'a. Abin da ya sa gwamnatoci da kamfanoni suke ƙaunarsa shi ne, ba ya shan mai kamar manyan jirage, yana iya sauka a gajeren fili, yana kuma iya daɗewa a sama yana shawagi. Saboda haka ake ɗaukar manya da marasa lafiya a cikinsa, ake kuma ɗaura masa na'urorin hangen ƙasa don leƙen asiri. Mayaƙan saman Nijeriya sun karɓi guda uku na samfurin 350i a 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, lokacin da yaƙin Boko Haram ya tsananta.

HATSARIN ABUJA DA NA KADUNA

Ran 17 ga Fabrairu, 1921 ba ta shafi wannan zance ba. Ranar da ta shafe shi ita ce 17 ga Fabrairu, 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara a Jihar Neja, suka yi awon gaba da mutum 42, ɗalibai da malamai da iyalansu. Bayan kwana huɗu, ran Lahadi 21 ga wata, jirgi mai lamba NAF 201 ya tashi daga Abuja zuwa Minna don taimaka wa aikin nemansu. Bai yi nisa ba matuƙinsa, Flait-Laftana Haruna Gadzama, ya sanar cewa inji ya sami matsala, ya juyo da nufin sauka. Saura ƙiris ya kai titin saukar jirage sai ya faɗi kusa da ƙauyen Bassa, ya kama wuta. Mutum bakwai da ke ciki duka suka rasu.

Ran Jumma'a 21 ga Mayu kuma, jirgi mai lamba NAF 203 ya ɗauki Babban Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftana-Janar Ibrahim Attahiru, da hafsoshinsa daga Abuja zuwa Kaduna, kan hanyarsu ta halartar bikin yaye ƙurata a Zariya. Hadari ya haɗo da yamma, aka karkata jirgin daga filin soja zuwa babban filin jirgin sama na Kaduna, a can ya faɗi yana ƙoƙarin sauka. Mutum 11 suka rasu, har da Birgediya-Janar uku. Janar Attahiru bai cika wata huɗu a kan muƙaminsa ba. Washegari aka yi jana'izarsu a Maƙabartar Soja ta Ƙasa da ke Abuja, inda aka binne 'yan'uwansu na Fabrairu.

INJI BIYU BA LAYA BA NE

Mutane da yawa suna zaton in jirgi yana da inji biyu, ɗaya ya mutu, to ɗayan zai kai shi gida salun-alun. Haka aka ƙera shi ya yi, amma da sharaɗi. Tun da kowane inji yana kan fiffike guda, da zarar ɗaya ya tsaya sai mai ran ya riƙa jan jirgin gefe, kamar shanun huɗa da ɗaya ya turje. Farfelar mataccen injin kuma, in ba a karkata bakinta ta fuskanci iska ba, sai ta zama birki. Wajibi ne matuƙi ya gane injin da ya mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya taka linzamin jela ta gefen da ya dace, ya kuma hana gudun jirgin raguwa ƙasa da wani ƙayyadadden mizani. In gudu ya gaza wannan mizani, linzami ba ya ƙara cin jirgin, sai ya kife. A can ƙololuwar sama akwai sararin gyara kuskure, amma kusa da ƙasa, lokacin tashi ko sauka, babu. King Air 350 yana da na'urorin da ke taimakon matuƙi a irin wannan hali, sai dai ba su ɗauke masa buƙatar horo da maimaita horo ba.

Misalai biyu daga ƙetare sun isa shaida. Ran 30 ga Yuni, 2019, wani King Air 350 ya tashi daga Addison a Jihar Texas ta Amurka, injin hagu ya rage ƙarfi, jirgin ya kife ya faɗa kan rumfar ajiye jirage, mutum 10 suka mutu. Hukumar binciken hatsari ta Amurka ta gano cewa matuƙin ya fara taka linzami ta gefen da bai dace ba. Ran 21 ga Fabrairu, 2017, wani ɗan'uwansa samfurin B200 ya faɗa kan wata kasuwar zamani a birnin Melbourne na Ostireliya, mutum biyar suka mutu. Bincike ya nuna injinansa lafiya lau suke, saitin linzamin jela ne aka bari a karkace, matuƙin kuwa bai lura ba kafin ya tashi.

INA RAHOTON?

An san waɗannan dalilai ne domin hukumomin ƙasashen biyu sun buga rahotanninsu kowa ya karanta, makarantun koyon tuƙin jirgi a ko'ina suka ɗauki darasi. A nan ne al'amarin Nijeriya ya sha bamban. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta shimfiɗa ƙa'idodin sufurin sama na duniya, jiragen farar hula ta shafa, ba ta hau kan jiragen soja ba. Saboda haka wanda ya mallaki jirgi shi ke nuna wanda zai bincika hatsarinsa, da kuma ko jama'a za su ji sakamako.

A hatsarin Abuja, Babban Hafsan Mayaƙan Sama na lokacin, Oladayo Amao, ya ba da umurnin a yi bincike. A na Kaduna an ɗan ci gaba, gama an gayyato Hukumar Binciken Hatsarin Jiragen Sama ta farar hula, wadda Akin Olateru yake shugabanta a lokacin. An samo na'urorin naɗar magana da bayanan tafiyar jirgin, kuma a watan Satumba na 2021 aka miƙa rahoton wucin gadi ga Babban Hafsan. Abin da jama'a suka gani a ranar shi ne hoton miƙa takarda, ba a karanta musu abin da ke cikinta ba.

Ba a musun cewa soja suna da asiran da bai kamata a baza su a kasuwa ba. Na'urorin leƙen asiri da tsarin yaƙi a bar su a rufe. Amma dalilin mutuwar inji, da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, da yawan sa'o'in da matuƙi ya yi yana horo, da wanda ya yanke shawarar a tashi alhali hadari yana haɗowa, babu ɗayansu da zai amfani abokin gaba. Waɗanda zai amfana su ne matuƙan da ke tuƙa irin wannan jirgi, na soja da na farar hula, da iyalan mamatan da ke da hakkin sanin abin da ya faru, da talakawan da aka sayi jiragen da kuɗinsu. Inda aka yi shiru kuwa, jita-jita ke cika wurin, kamar yadda aka gani bayan rasuwar Janar Attahiru.

Jirgin da aka shafe fiye da shekara 60 ana ƙera shi, ƙasashe da dama suna aiki da shi dare da rana, da wuya a ɗora masa laifi da ka. Haka nan ba adalci ba ne a zargi matuƙan da ba su da bakin kare kansu. Takardar bincike ce kaɗai za ta raba gardama. Ya kamata Majalisar Tarayya ta yi doka wadda za ta wajabta buga taƙaitaccen sakamakon binciken kowane hatsarin jirgin gwamnati da ya ci rai, cikin ƙayyadadden lokaci, bayan an cire abin da ya shafi tsaro. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma sai an gaya wa mutum inda wutar ta taso. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na baya.