Wa ke tsoron kasada a Bonkuku?

Jama'a, masana tattalin arziki na da wani gwaji: a ce ma manomi ya zaɓa, ko jika guda a hannu, ko a jefa dala sama, ya samu jika ukku ko ya tashi hannu rabbana. Hans Binswanger ya yi irinsa a ƙauyukan Indiya, sakamakon ya fito a 1980: da kuɗin suka ƙaru, galibi sai suka kauce ma kasada.

To, mu nan Bonkuku in mun ɗauki jikar, kar a rubuta mu matsorata. Mu ne fa ke cin bashin irin dankalin turawa, ba mu san farashin da Yamai za ta ba mu ba. Kuma da yawanmu, wallahi, jefa dalar nan caca muke ganinta, shi ya sa ba mu taɓawa.