A BAR 'YAN MATA SU GA KOGO

'Yan'uwana mata, ran nan wata maƙwabciyata ta hana 'yarta bin 'yan ajinsu zuwa kallon kogo, wai gidan aljanu ne, kuma ba wurin zuwan 'ya mace ba ne. Yarinya ta wuni tana kuka. Ni dai a ganina ba a kyauta mata ba.

Gani ya kori ji. A Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. A Yankari ta Jihar Bauci kuwa akwai ɗakunan kogo 59 da aka fafe da hannu. Don me ɗa namiji zai gani da idonsa, 'ya mace sai dai a ba ta labari?

Ba na cewa babu haɗari. Akwai maciji, da zuma, da santsi, ga kashin jemage mai sa ciwon huhu. Maganinsu shiri, ba hani ba.

Uwa ta tambaya: akwai malama a tafiyar, da ɗan gari wanda ya san wurin? Kowace yarinya ta riƙe tocilarta da ƙarin batir, ta sa takalmi sau-ciki. Kada a shiga da damina. Kada su gaza huɗu, don in ɗaya ta ji ciwo, ɗaya ta zauna da ita, biyu su nemo taimako.

Ku kuma 'yan makaranta, banda rubuta suna a kan zanen. Allah ya tsare mana ku, amin.